Haƙƙin Dawa a Jakar Cefane

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya cika ta da rayuka iri-iri, Ya ɗauki nauyin ci da shan kowa tun daga giwa har zuwa kiyashi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah. Mun saba shiga masallaci da shi, mun saba zuwa maƙabarta da shi. Yau ina roƙon mu shiga kasuwa da shi, mu sa shi a jakar cefane.

A watan Oktoban 2023, a nan Abuja, hukumomi suka tara ɓawon dabbar nan ɗankunya kusan tan 4, haɗe da fatun damisa da mesa da kada, suka cinna musu wuta. Wata uku bayan nan, a Janairun 2024, aka sake taruwa a wannan gari aka niƙe hauren giwa tan biyu da rabi, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa ya haura Naira biliyan 9. Duk kaya ne da aka ƙwace a hannun masu fasa-ƙwauri. Mun gani a talabijin, mun girgiza kai, mun ce Allah wadai da ɓarayin daji, muka ci gaba da harkokinmu.

To, bayin Allah, a tsaya a yi tambaya guda. Wa ya biya kuɗin harsashin da ya kayar da waɗannan giwaye? Maharbi ba ya dafa haure ya ci. Bai kwana cikin sauro da macizai don sha'awa ba. Ya shiga daji ne don ya san akwai dillali a gari, dillali kuma ya san akwai mai saye. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne akasarin wannan kaya ƙasashen Asiya ake nufa da shi, kuma da yawansa daga maƙwabtanmu aka shigo da shi don a fitar ta tashoshinmu. Amma kada mu wanke hannu da wuri. Wa ke sayen kan ungulu don a haɗa masa asiri? Wa ke shimfiɗa fatar damisa a falo don baƙi su san an isa? Wa ke ajiye aku a keji, da gauraka a farfajiya bayan an karya mata fiffike? Wa ke taka birki a hanyar Lokoja ya sayi naman daji, bai tambayi ko wace dabba ce ba, ko saura nawa ta rage a bayan ƙasa?

Ni kaina na taɓa raka wani baƙo sayen tsaraba a wata rumfar kayan sana'ar hannu a garin nan. Da mai rumfa ya ga alamar baƙon da nauyin aljihu, sai ya waiga hagu da dama, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin tebur, ya kwance. Awarwaro ne da carbi na haure. Carbi, jama'a! A kashe halittar da ke tasbihi ga Ubangijinta ta hanyar da Shi kaɗai Ya sani, a fafe haurenta, a ba ka ka riƙa ja kana ambaton Mai rahama. Na ce masa ya mayar. Amma na yi shiru ban yi masa nasiha ba, kuma shirun nan bai bar zuciyata ba har yau.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan dabbobi ba. Wanda ya buɗe Alƙur'ani zai tarar da surori masu sunan saniya, da dabbobin ni'ima, da ƙudan zuma, da tururuwa, da gizo-gizo, da giwa. A Suratul An'am, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Da ruwan ɗufana ya zo, ba mutane kaɗai aka ce Annabi Nuhu ya ɗauka ba, an umarce shi ya shigar da namiji da mace daga kowane jinsi don kada iri ya ɓace. Annabi Sulaimanu, da duk girman mulkinsa, ya ji maganar tururuwa ya yi murmushi, kuma da ya duba rundunarsa ya lura tsuntsu ɗaya ba ya nan, ya tambayi inda alhudahuda yake. Sarkin da ke mulkin mutum da aljan ya san adadin tsuntsayensa. Mu fa, mun san saura zaki nawa a ƙasarmu?

Hadisai ingantattu sun ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Sun ba mu labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lallage, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai sun tambaya ko akwai lada a kyautata wa dabba, aka tabbatar musu akwai lada a kan duk mai rai. A wata tafiya wasu sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, uwar ta zo tana kaɗa fiffike a kansu, Manzon Allah ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ka kwatanta wannan da aku ɗaya da ke kejinka, Alhaji, wanda kafin ya iso hannunka wasu 'yan'uwansa sun mutu a kwando a hanya.

Shari'a ta halatta farauta don ci, ta yarda a kashe abin da ke cutarwa. Abin da ta hana shi ne kisa don wasa, da ɓarna, da ƙarar da iri. Mai harami da aikin hajji ba ya farauta. A haramin Makka ba a korar abin farauta, ba a sare itace, kuma Annabi ya sanya wa Madina irin wannan alfarma. Ya keɓe filin Naƙi'u ya zama hurumi don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza a bayansa. Ashe keɓe wani yanki a ce nan ba a taɓawa, don amfanin jama'a na yau da na gobe, abu ne da muka gada tun kafin Bature ya zo da dokar gandun daji. Kakanninmu ma sun san hurumi da burtali da makiyaya, kuma mai gari yana hukunta wanda ya keta su.

Yanzu mu duba abin da muka yi da amanar. Shekara talatin da suka wuce ana lissafin giwa kusan 1,500 a Najeriya, yau ba su kai 400 ba. Ɗaya daga garkunan da suka fi girma shi ne na Yankari a jihar Bauchi, gandun da aka keɓe tun 1956. Zaki bai kai 50 ba a faɗin ƙasar, sai a Yankari da Kainji. Fadawa na ta yi wa sarki kirari da zaki da toron giwa, alhali masu sunan suna ƙarewa. Gauraka, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasa, ta yi wuyar gani a fadamunmu. Dattawan Kano da Zariya da Katsina suna tuna lokacin da ungulu ke cika mahauta har sai an kore ta. Yau yaro zai yi wayo, ya yi aure, bai taɓa ganin ta ba. Garin nan namu ma, kafin dokar 1976 ta mai da shi babban birni a dawo cikinsa a 1991, ƙauyukan Gbagyi ne da gonaki da kurmi. Maitama da Asokoro da Gwarimpa duk a kan makwancin wasu halittu muka gina su. Gini ba laifi ba ne. Amma wanda ya tashi maƙwabcinsa ya zauna a wurinsa, ko ba komai ya tambayi inda ya koma.

Kasuwa ce ta cinye dawa, 'yan'uwa. Kuma ita kasuwar tana iya biyan diyya. Wasu al'ummomi sun gane haka, sun ɗaura ciniki da kiyaye namun daji a igiya ɗaya, ta yadda duk abin da aka saya wani kaso na tafiya wajen tsaron daji.

A kwarin Luangwa na ƙasar Zambiya akwai wani kamfani mai suna COMACO da aka kafa a 2003. Yana sayen shinkafa da gyaɗa da zuma a hannun ƙananan manoma da farashi mai kyau, bisa sharaɗin su bar farautar haram, su miƙa bindigoginsu da tarkunansu. Kayan yana shiga kantuna da tambarin It's Wild! Matar da ta sayi kwalbar zuma a Lusaka ta taimaka wa tsohon maharbi ya ciyar da iyalinsa ba tare da ya ɗana wa barewa tarko ba. A Kenya an gano giwa na tsoron ƙudan zuma, sai aka riƙa kewaye gonaki da amya: giwa ba ta shiga, manomi bai harbe ta ba, ga zuma ta sayarwa. A Amurka tun 1934 duk mai farautar agwagwar ruwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman, kuma a kowace dala ana sa santi 98 wajen saye da kiyaye fadamun tsuntsaye. A 2018 kamfanin tufafi na Lacoste ya cire kadan da ke tambarinsa ya sa hotunan dabbobi goma da ke gab da ƙarewa, ya ɗinka riguna 1,775 kacal, daidai da adadin da aka ƙiyasta ya rage na dabbobin nan goma a daji, kuɗin ya tafi wajen kare su.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasashen masu hali. Ga Nijar nan kusa da mu. A 1996 raƙuman dawa 49 suka rage a yankin Kure, gabas da Yamai, kuma su ke nan a duk Afirka ta Yamma. Da mutanen ƙauyukan suka fara ganin amfaninsu, ta kuɗin masu zuwa kallo da rijiyoyi da ƙananan rance da ƙungiyoyi suka kawo, sai suka zama su ne masu gadinsu. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Talaka ba maƙiyin dabba ba ne. Yunwa ce ke ɗana tarko.

Mu Musulmi mun fi kowa cancantar wannan aiki, domin hanyarsa tana cikin jininmu. Sayyidina Usmanu ɗan kasuwa ne, da ribar kasuwa ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. A birnin Bursa na ƙasar Turkiyya Musulmi sun taɓa gina gidan jinyar shamuwa. A 2014 majalisar malaman Indonesiya ta fitar da fatawar haramta farauta da fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa. A gidajenmu ma, wa bai ga tsohuwa tana watsa wa tsuntsaye tsaba da safe da niyyar sadaka ba, ko ta ajiye kasko da ruwa a gindin bishiya lokacin bazara? Ɗan kasuwarmu ya san gyara, ya san fitar da sadakar Juma'a daga aljihun shago. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa kaskon tsohuwar nan ya kai Yankari da Gashaka-Gumti da fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai duk shekara.

Saboda haka ina kira gare ku, 'yan kasuwar Wuse da Garki da Utako, da masu manyan kantuna a Jabi, da masu gidajen burodi da ruwan leda a Kubwa da Nyanya da Lugbe. Ku ɗauki alƙalami. Gidan burodin da ke sayar da guda 1,000 a rana, in ya ware Naira 5 a kan kowane, ya tara 5,000 kullum, 150,000 a wata, fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a shekara. Naira biyar ba ta sayen ko ƙullin gishiri yau, amma da yayyafi kogi kan cika. Kuɗin nan zai saya wa masu gadin daji takalma da ruwan sha da magani, mutanen da ke fuskantar bindigar mafarauta, wasunsu har sun rasa rayukansu sun bar marayu. Hajiya mai sayar da man kaɗanya da zuma da turaren wuta, ke ma da rabonki: kayanki daga daji suke fitowa, in dajin ya mutu sana'arki ta bi shi. Wurin kai kuɗi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hedikwatar Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa tana nan a hanyar filin jirgin sama. Akwai gidauniyar NCF da marigayi Cif S. L. Edu ya kafa a 1980. Akwai ƙungiyar WCS da ta daɗe tana aiki da ma'aikatan Yankari. Ku je da ƙafarku, ku yi tambaya, ku ga aiki, sannan ku ƙulla yarjejeniya a rubuce.

Amma ku ji gargaɗi, domin nan ne Shaiɗan ke da ƙofa. Duk wanda ya rubuta a jikin kwalinsa cewa wani kaso na kuɗin nan na namun daji ne, ya ɗauki alkawari, kuma kuɗin ya zama amana a hannunsa tun daga lokacin da mai saye ya miƙa. In ya riƙe, ya ci amana biyu: ta mutumin da ya yarda da shi, da ta dabbar da ba ta da bakin kai ƙara. Manzon Allah ya taɓa cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, ya nesanta mai algus daga tafarkinsa. Wanda ya manna hoton giwa don jawo ciniki, bai aika ko sisi ba, jiƙaƙƙen hatsinsa ya fi wancan muni, domin da sunan alheri ya yi ha'inci. Ka faɗi nawa ne, ka faɗi wa za a ba, ka faɗi yaushe. In shekara ta zagayo ka liƙa rasit a bangon shago kowa ya gani. “Wani kaso” ba lissafi ba ne.

Kai kuma mai saye, haƙƙi uku ne a kanka. Na farko ka kame hannunka daga haure da fatar damisa da sassan ungulu da tsuntsun da aka kamo daga daji, ko da kyauta aka ba ka. Barin ɓarna yana gaba da neman lada. Wanda ke sa a yanka ungulu don ya ci zaɓe ko ya samu kwangila, ya tuba tun da sauran numfashi, domin ya haɗa zaluntar dabba da rataya zuciya ga wanin Allah. Na biyu, in kaya biyu suka yi daidai a kyau da farashi, ɗaya na ba daji wani abu, ka zaɓe shi, ka ƙulla niyya kafin ka miƙa kuɗi, cefanenka ya zama ibada. Na uku ka yi tambaya. Tambari ba shaida ba ne. Mumini ba a sarar sa sau biyu a rami ɗaya. Kuma kada wannan ya zama hujjar almubazzaranci, ka sayi abin da ba ka bukata kana cewa taimako kake yi. In taimakon kake so, ka ba da kuɗin kai tsaye ya fi. Ka kuma sani wannan sadaka ce ta ganin dama. Ba ta sauke maka zakka, domin zakka tana da mutanenta takwas da Allah Ya ambata, ba ta kuma sauke maka haƙƙin maƙwabcin da ya kwana bai ɗora tukunya ba.

Na san abin da ke ran wani yanzu. Yana cewa: Malam, mutane na kwana da yunwa, mudun shinkafa ya gagari talaka, kai kana zancen giwa? Tambaya ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Ɗan Adam shi ne gaba, babu jayayya. Amma ka duba Indiya. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe musu fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulu kafin a hana shi a 2006. Mushe ya rasa mai ɗaukewa, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. Masu bincike sun ƙiyasta mutum kusan rabin miliyan ne suka mutu a cikin shekara biyar sakamakon haka. Ungulun da muke yi wa kallon ƙazama ashe ma'aikaciyar tsafta ce da Allah Ya ɗauka mana ba albashi.

Ka kuma dubo gida. Sambisa gandun namun daji ne a da. Kamuku a Birnin Gwari gandun ƙasa ne. Falgore a Kano haka. Da aka yi sakaci da su, masu gadi suka yi ƙaranci, dabbobi suka ƙare, wa ya gaje wuraren? Kowa ya san amsa, wasunmu da hawaye suka san ta. Daji ba ya zama fanko. In babu giwa da mai gadinta, wani zai shiga. Kuɗin da aka kashe a kan gandu albashin ɗan wani ne, kariyar ƙauyen wani ne. Kuma adalci ya wajabta a tuna da manomin gefen Yankari, wanda giwaye kan shiga gonarsa su tattake wahalar damina a dare ɗaya. Duk tsarin da zai tara kuɗi da sunan giwa ya manta da shi, bai cika ba. A ware masa rabonsa, a taya shi kare gonarsa, shi ne zai fara kawo rahoto in ya ga baƙon maharbi.

Ya ku limamai da malaman Islamiyya, ku sa wannan a huɗuba da darasi. Ya ku iyaye, ku kai yara gidan namun daji na Asokoro, ku nuna musu, ku ce wannan halittar Allah ce, tana da 'yan'uwa a daji, kuma za a tambaye mu a kansu. An karantar da mu cewa wanda ya dasa itace, duk tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi an rubuta masa sadaka. An kuma karantar da mu cewa ranar ƙiyama ƙafar bawa ba za ta gusa ba sai ya amsa tambaya a kan dukiyarsa, ta ina ta shigo, ta ina ta fita. Mun fi damuwa da rabin farko. Rabi na biyu kuwa kullum muna rubuta amsarsa da hannunmu a gaban mai shago, muna karɓar canji, muna tafiya.

Ya Allah, Ka yafe mana abin da muka ɓata da sani da wanda muka ɓata da jahilci. Ka sa albarka a kasuwanninmu, Ka tsarkake cinikinmu daga algus da cin amana. Ka kare masu gadin dazuzzukanmu, Ka jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, Ka dawo mana da aminci a dawa da gari. Ka shayar da bayinKa da dabbobinKa. Kada Ka sa mu zama al'ummar da jikokinta za su san zaki a tatsuniya kaɗai. Ya Allah, Kai da Ka gafarta wa bawa saboda ruwan da ya ɗebo wa kare a huffi, Ka karɓi 'yar Naira biyar ɗinmu, Ka yi mana rahama da ita ranar da babu ciniki.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.